Yadda Ake Zaɓar Sabulu Don Ciro Furotin Daga Tantanin Ƙwayar Halitta A Mayar Da Shi Kiristal

Furotin da ke zaune a tantanin ƙwayar halitta kamar kifi yake, sai dai shi nasa ruwan mai ne. Tantanin da ya kewaye kowace ƙwaya shimfiɗa biyu ce ta kitse, kaurinta bai wuce nanomita 5 ba. Furotin ɗin ya ratsa ta, kansa a waje, ƙafafunsa a ciki, ƙugunsa lulluɓe da kitse. Wannan ƙugun ba ya ga maciji da ruwa. Ka fizgo furotin ɗin ka jefa shi cikin ruwan gishiri, nan take zai manne da 'yan'uwansa su yi gudaji irin na tuwon da ba a iya tuƙawa ba. Ga shi kuma ba a ganin siffarsa da hasken eksire sai an raba shi da tantanin, an tace shi, an sa ya jeru ya zama kiristal.

Wahalar ba ta banza ba ce. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na furotin ɗin jikinmu a tantani suke, kuma fiye da rabin magungunan da ake sha su suke nufa. Ko turjiyar da ƙwayar zazzabin cizon sauro ta yi wa kulorokwin, tushenta wani furotin ne na tantani mai suna PfCRT, wanda sai a 2019 masana a Jami'ar Kolambiya da ke Niyok suka fitar da siffarsa.

Abin da ke shiga tsakanin furotin da ruwa shi ne ditajan. A nan sabulu zan riƙa ce masa, amma kada a ɗauka omon wanki ne. Kowane ƙwayar sabulu yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudun ruwa. In sun yi yawa sai su haɗa wutsiyoyinsu ciki, kawuna waje, su yi curi, wanda masana ke kira maisel. Irin wannan curin ne ke naɗe ƙugun furotin kamar ɗamara, ya maye gurbin kitsen da aka raba shi da shi.

Tun da wuri ka riƙe wannan: sabulun da furotin ya fi jin daɗin zama a cikinsa, sau da yawa ba shi ne zai ba ka kiristal mai kyau ba. Doguwar wutsiya tana yin babban curi mai laushi, furotin ya daɗe bai lalace ba, amma ɗamarar ta yi kaurin da maƙwabta ba sa iya taɓa juna, kiristal kuwa da taɓa juna ake gina shi. Gajeriyar wutsiya tana yin siririyar ɗamara, furotin ya fito fili, amma tana gallaza masa har ya warware. Aikin gaba ɗaya ciniki ne tsakanin waɗannan biyun.

Ka fara da lissafi, ba da kwalba ba

Kowane sabulu yana da wani adadi da ake kira CMC, wato yawan da sai ya kai shi kafin curi ya fara haɗuwa. Ƙasa da shi, ƙwayoyin sabulu ɗai-ɗai suke yawo, ba su da amfani ga furotin. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su.

DDM, mai kan sukarin maltos da wutsiya mai kabon 12, shi ne dokin aiki. CMC ɗinsa kimanin milimola (ma'aunin yawan sinadari a cikin ruwa) 0.17 ne, wato 0.0087%, nauyin curinsa kuma ya kai wajen kilodalton 70 (kilodalton ma'aunin nauyin irin waɗannan ƙwayoyi ne). Ƙanensa DM yana da kabon 10, CMC milimola 1.8. Sai masu kan gulukos: NG mai kabon 9, milimola 6.5, da OG mai kabon 8, wajen milimola 20. Ka lura da tsarin: duk kabon biyu da aka rage wa wutsiya, CMC yana ninkawa kusan sau goma. LDAO yana da kabon 12 amma kansa ɗan ƙarami ne, curinsa ƙarami, hannunsa da zafi, CMC tsakanin milimola 1 da 2. LMNG kuwa kai biyu gare shi, wutsiya biyu. Pil Seok Chae da Samuel Gellman na Jami'ar Wiskonsin da abokan aikinsu ne suka fito da shi a 2010, CMC ɗinsa wajen milimola 0.01 kacal, kuma in ya kama furotin ba ya saki da sauƙi. Akwai dijitonin da ake samu daga tsiro, da kwaikwayonsa na ɗakin gwaji, GDN, waɗanda furotin ɗin dabbobi masu shayarwa suka fi aminta da su.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ɗauka kashi 1 cikin 100 ɗaya ne a ko'ina. Mu lissafa. Nauyin mol ɗaya na DDM giram 510.6 ne, saboda haka 1% ya kama milimola 19.6, wato ya ninka CMC fiye da sau 100. Nauyin OG giram 292.4 ne, 1% ɗinsa milimola 34 ke nan, ko ninki biyu na CMC bai cika ba. Wanda ya zuba 1% na DDM ya yi ambaliya, wanda ya zuba 1% na OG da ƙyar ya jiƙa ƙasa. Don haka ka rubuta CMC na kowane sabulu da nauyinsa a jikin bangon teburinka, ka saba tunani da ninkin CMC.

Sabulun SDS da ake amfani da shi wajen jel ɗin tantance furotin ba ya cikin wannan magana, warware furotin yake yi. Triton X-100 ma ka bar shi: gauraye ne na sarƙoƙi masu tsawo daban-daban, kuma yana shan haske a nanomita 280, daidai inda kake auna furotin. Dangin Fos-Choline suna ciro kusan komai daga tantani, har da furotin da tun asali bai naɗu daidai ba, sai su sa ka murna a kan gawa.

Saye da ajiya

Araha ba ta ado a nan. Ka sayi sabulu mai tsarki sosai, irin wanda kamfanoni kamar Anatrace ke sayarwa don aikin kiristal, ka duba takardar kwalbar ka ga DDM ɗin nau'in bita ne, kuma nau'in alfa da ya gauraya da shi kaɗan ne ƙwarai. Garin yana jan danshi. A ajiye shi a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili, in an ɗauko kuma a bar kwalbar ta huce ta yi ɗumin ɗaki kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a ciki. Wanda ke aiki inda wuta ke yawan ɗaukewa, ko damina ta cika iska da laima, gara ya rarraba garin a ƙananan kwalabe tun ranar da ya iso.

Ka haɗa ruwan ajiya na 10% na DDM, ka raba shi kaɗan-kaɗan ka daskarar. LMNG ya fi taurin kai wajen narkewa, 5% ya isa, a bar shi yana juyawa a hankali. In furotin ɗinka na mutum ne ko dabba, ka haɗa da CHS, wani ɗan'uwan kwalastarol, kashi ɗaya nasa ga kashi biyar ko goma na DDM. Ruwan bafa kuma, wato ruwan gishirin da furotin ke zama a ciki, a tace shi a cire masa iska tukuna, sannan a zuba sabulu daga ƙarshe. Kada a girgiza. Kumfa a wajen wanki alheri ce, a nan kuwa furotin take kashewa.

Gwajin zaɓe: a ɗanɗana kafin a zuba tukunya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka noma lita goma na ƙwayoyi, ka yi ƙaramin gwaji. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Toshimitsu Kawate da Eric Gouaux suka bayyana a 2006, ana kiranta FSEC. Ana liƙa wa furotin ɗin GFP, koren furotin mai ƙyalli, ta yadda za a iya bin sawunsa ko ba a tace shi ba.

Ka fasa ƙwayoyin, ka wulwula su a santirifuj, injin da ke juya abu har mai nauyi ya kwanta, a hankali don tarkace ya kwanta, sannan ka ɗauki ruwan sama ka wulwula da ƙarfin 100,000 g (wato ninki 100,000 na ƙarfin jan ƙasa) na awa ɗaya. Abin da ya kwanta a ƙasa, mai santsi kamar man kaɗe, shi ne tantani. Ka dama shi cikin bafa har jimillar furotin ta kai miligiram 5 zuwa 10 a kowace mililita. Raba shi gida shida ko takwas. Wannan ka sa masa DDM 1%, wancan DDM da CHS, na gaba LMNG 1%, sai DM, sai LDAO, sai OG wajen 2% saboda CMC ɗinsa mai yawa ne. A bar su suna juyawa awa ɗaya ko biyu a digiri 4. Za ka ga ruwan da yake dusu-dusu ya fara washewa. A sake wulwulawa da ƙarfin 100,000 g, a ɗura ruwan sama cikin kwalam, wato bututu mai raba abubuwa bisa girmansu, irin Superose 6, na'urar auna ƙyalli tana biye.

Abin da kake nema a zanen da na'urar ke fitarwa shi ne tudu guda, siriri, mai kafaɗu daidai. Tudun da ya fito tun farko-farko, kafin komai ya shiga ramukan kwalam, gudaji ne. Wanda ya fito can ƙarshe GFP ne da ya tsinke shi kaɗai. Tudu mai faɗi da tozo biyu ko uku yana nufin furotin ɗin ba a hali ɗaya yake ba. Kada tsawon tudu ya ruɗe ka: sabulun da ya ciro rabi amma ya ba da tudu mai kyau ya fi wanda ya ciro duka ya ba da tsibin shara. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wannan zanen shi ne Larabar kiristal.

Daga nan ka auna juriya. Ɗauki samfurin da ya yi kyau, raba shi, dumama kowane kaso na minti 10 a zafi daban-daban, daga digiri 4 har 70 ko sama, wulwula, sake ɗurawa. Zafin da tudun ya ragu zuwa rabi shi ne ma'auninka. Yanzu kana da lambar da za ka kwatanta sabulu da sabulu, ka kuma ga ko ƙara CHS, ko wani kitse, ko maganin da furotin ɗin ke kamawa yana ɗaga ta. Sau da yawa maganin da ya dace yana ƙara juriya fiye da duk wani canjin sabulu, shi ya sa akasarin siffofin da ake bugawa da wani abu a bakin furotin ɗin suke fitowa.

Ciro da tacewa

Wannan matakin ba shi da wani sirri. Ka ciro da sabulun da ya fi laushi cikin waɗanda suka ci gwaji, galibi DDM ko LMNG, a 1%. Da zarar furotin ya kama jikin resin, wato 'yan ƙwayoyin da ke riƙe shi a wanke sauran tarkace, misali na nikel in ka sa wa furotin ɗin jelar amino asid ɗin histidin, sai ka sauke sabulu zuwa ninki biyu ko uku na CMC. Ga DDM, 0.02 zuwa 0.03% ke nan. Kowane ruwa da zai taɓa furotin daga yanzu dole ya ƙunshi sabulu sama da CMC. Mantuwa ɗaya ta isa.

Abu guda da za a kula: wanki fiye da kima yana kwashe kitsen da ya maƙale a jikin furotin, alhali wasu furotin ba sa aiki, ba sa ma riƙe siffarsu, sai da shi. In ka ga furotin yana da kyau bayan kwalam na farko amma yana lalacewa bayan na uku, ka rage matakai ko ka mayar masa da ɗan kitse. Komai a yi shi cikin sanyi, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu.

Saukowa daga doguwar wutsiya zuwa gajeriya

Nan ne cinikin yake. Kana da furotin mai lafiya a cikin DDM. Tambayar ita ce, yaya gajartar wutsiyar da zai iya jurewa?

Tarihin fannin ya nuna amfanin wannan tambaya. A 1982 Hartmut Michel, a cibiyar Max Planck da ke Martinsried a Jamus, ya samu kiristal na cibiyar sarrafa haske ta wata bakteriya ta hanyar amfani da LDAO, ya kuma ƙara wani ƙaramin sinadari, heptantirayol, wanda ke shiga cikin curi ya rage masa girma. Siffar ta fito a 1985, ita ce ta farko ta furotin na tantani a matakin atom, kuma ta jawo masa kyautar Nobel ta 1988 tare da Johann Deisenhofer da Robert Huber. Ƙungiyar Roderick MacKinnon ta ciro furotin KcsA, ƙofar fotasiyam a tantani, da DM, amma a cikin LDAO ta yi kiristal ɗin da aka buga a 1998. Su Chris Tate a Kambirij kuwa, da suka ga mai karɓar saƙon adirenalin na talo-talo ba ya jure gajeren sabulu, sai suka canza masa amino asid shida ya ƙara ƙwari, sannan ya yarda ya yi kiristal cikin sabulu mai kabon 8 a 2008. Wato in furotin ya kasa saukowa, wani lokaci furotin ɗin ake gyarawa, ba sabulun ba.

Yadda za ka yi: ka raba furotin da ka tace, ka mayar da kowane kaso kan ɗan resin, ka wanke da sabon sabulu ninki 10 zuwa 20 na girman resin ɗin, a hankali, sannan ka sauke shi. Musaya a kan resin ta fi ta kwalam mai raba girma tabbas, domin a can tsohon curi yakan biyo furotin su fito tare. Ka bi tsani: daga DDM zuwa mai kabon 11, zuwa DM, zuwa mai kabon 9, sannan NG, OG, LDAO. Kowane kaso ka duba tudunsa yau, ka ajiye shi a digiri 4, ka sake dubawa bayan kwana biyu da bayan kwana biyar. Kiristal yana ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya tsiro, furotin da ya mutu a kwana ɗaya ba zai kai ba. Matakin tsani na ƙarshe da tudun ya tsaya da kyau, da wanda ke samansa, su za ka kai gaba.

Furotin masu siffar ganga na fatar waje ta bakteriya sukan sauka har ƙasa, OG da LDAO da wani gajeren sabulu, C8E4, ba sa damunsu. Furotin ɗin dabbobi masu ratsa da kaya ta tantani da masu karɓar saƙo sukan tsaya a sama. In kuma ka fara da LMNG, ka san fita daga cikinsa da wuya, domin ba ya sakin furotin. In niyyarka saukowa tsani ce, fara da DDM.

Tarkon da ke cikin kaurara samfuri

Kiristal yana son furotin mai kauri, miligiram 5 zuwa 10 a mililita ko fiye. Ana samun haka da 'yar matata da ake sa wa a santirifuj, ruwa ya wuce, furotin ya tsaya. Matsalar ita ce fankon curi, wanda babu furotin a cikinsa, shi ma yana iya tsayawa.

Na taɓa ƙonewa a nan. Ina da mililita 10 na furotin cikin DDM 0.03%, na ɗauki matata mai ramin kilodalton 30 don ita ce a kusa, na matse shi zuwa rubu'in mililita, ninki 40 ke nan. Furotin ya kai kaurin da nake so, na ɗiga faranti uku na gwajin kiristal ina ta jin daɗi. Washegari na leƙa madubin ƙara girma, kusan kowane ɗigo ya rabu biyu, ƙananan ƙwallaye masu sheƙi suna yawo kamar mai a kan romo. Sai da na zauna na yi lissafi. Daga 0.03% in ka cire CMC, saura wajen 0.021% duk curi ne, kuma curin kilodalton 70 ba ya wuce ramin 30. Ninka shi sau 40, ya haura 0.8%. Ashe sabulu na kaurara, furotin ya zo rakiya. Aikin mako biyu ya tafi.

Don haka ga DDM ka ɗauki matata mai kilodalton 100, in girman furotin ɗinka da ɗamararsa ya yarda. Ga DM da masu ƙaramin curi, 50 ta wadatar. Ko da hakan wani kaso zai tsaya, saboda haka dabara mafi kyau ita ce ka rage yawan matsewar: ka sauke furotin daga resin da kauri tun farko, ka ɗauki tsakiyar tudu kawai daga kwalam na ƙarshe, ka bar gefe-gefe. Ka riƙa wulwulawa minti biyar-biyar kana gauraya shi a hankali, don kada ya taru a gindin matata. In ya fara dusashewa, tsaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Kuma ka auna sabulun da ke ciki. Ga masu kan sukari, gwajin finol da asid na salfa yana ba da launin ruwan goro gwargwadon yawan sukarin, sai ka kwatanta da ma'aunin da ka haɗa da sanannen adadi. A yi shi cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau, don asid ɗin ba abin wasa ba ne. In sabulu ya yi yawa, 'yan ƙwayoyin Bio-Beads suna tsotse shi, amma a sa kaɗan ana dubawa, don in suka zarce har ɗamarar furotin za su kwance. Rubuta adadin a littafinka kowane karo. Yawancin kukan "wancan karon ya yi, wannan karon ya ƙi" daga nan yake.

Ɗiga faranti

Kafin ɗigawa, wulwula samfurin da ƙarfi na minti 10 zuwa 20 don ƙura da gudaji su kwanta. Yi amfani da jerin ruwaye da aka tsara don furotin na tantani, kamar MemGold, waɗanda suka fi karkata ga ƙananan PEG, sinadarin da ke tura furotin ya jeru, irin PEG 400. Injin ɗiga yana haɗa nanolita 100 na furotin da 100 na ruwan gwaji. Da hannu kuwa maikurolita ɗaya-ɗaya ne, furotin mai yawa zai tafi. Yi faranti biyu ga kowane sabulu, ɗaya a digiri 4, ɗaya a 20. Zafin ɗakin dole ya tsaya wuri ɗaya dare da rana, domin hawa da saukar zafi yana motsa curi ya narkar da abin da ya fara tsirowa.

Ka ƙara faranti guda na bafa da sabulu zalla, babu furotin. Sabulu da gishiri suna yin nasu kiristal, masu kyan gani ma, kuma wannan farantin ne zai tona musu asiri. In akwai madubi mai hasken UV, kiristal na furotin yakan yi ƙyalli saboda amino asid ɗin tiriftofan, na gishiri ba ya yi.

Rabuwar ɗigo biyu ba kullum ba ce mugun labari. PEG da gishiri suna tura curi su matso kusa da juna, kuma ƙarfin da ke raba ɗigon shi ne dai ke taimaka wa furotin ya jeru. Sau da yawa kiristal a bakin wannan iyakar yake fitowa. In ka ga ɗigo ya rabu, ka sassauta PEG kaɗan-kaɗan a kewayen wurin. In ka samu kiristal amma ba ya watsa eksire da kyau, abin da aka saba gani ke nan da DDM: furotin suna taɓa juna ta kai da ƙafa kawai, tsakaninsu duk ruwa ne da sabulu. Gwada ƙara sabulu na biyu mai gajeriyar wutsiya a ɗigon, kusa da CMC ɗinsa, ko heptantirayol irin na Michel. Ko ka ba furotin ɗin abin da zai ƙara masa fuskar taɓawa, kamar guntun antibodi.

In sabulu ya gaza, a koma wa kitse

A 1996 Ehud Landau da Jürg Rosenbusch a Basel ta Suwizalan suka nuna wata hanya: a mayar da furotin cikin kitse kafin a nemi kiristal. Ana kiranta LCP. Ana zuba narkakken kitse mai suna monoolin a sirinji ɗaya, furotin mai kauri sosai, miligiram 20 zuwa 50 a mililita, a ɗaya sirinjin, kashi uku na kitse ga kashi biyu na furotin. A haɗa bakunansu da 'yar mahaɗa, a riƙa turawa gaba da baya. Da farko zai yi fari kamar nono. Ci gaba da turawa, a hankali don kada ya yi zafi, har ya washe tas ya yi danƙo kamar man goge baki. A cikin wannan danƙon furotin ya bar ɗamararsa ya koma shimfiɗar kitse, yana iya taɓa maƙwabcinsa ta ƙugu ma, kiristal ɗin ya fi matsewa. A bar kaza cikin gashinta ke nan.

Ana ɗiga nanolita 50 a kan gilashi, a rufe da nanolita 800 na ruwan gwaji, a danne da wani gilashin, a ajiye a digiri 20. Kada a kai shi firiji, domin ƙasa da digiri 17 ko 18 monoolin yana sauya hali ya daskare. Ta wannan hanya aka samu siffar mai karɓar adirenalin na mutum, nau'in bita 2, a 2007, da kwalastarol gauraye a kitsen. A 2011 ƙungiyar Brian Kobilka ta kama shi rungume da abokin aikinsa, furotin G, kuma LMNG ne ya riƙe haɗin bai wargaje ba har aka kai shi cikin kitse. Amfanin hanyar ke nan: ba sai ka sauko tsani ba, kana iya zama a sabulu mai laushi. Amma lissafin matata yana nan daram, domin sabulu mai yawa yana rusa tsarin danƙon, ka yi ta turawa ya ƙi washewa.

Wanda kuma ya nufi madubin lantarki mai daskararren samfuri, inda ba a buƙatar kiristal, girman ɗamara bai cika damunsa ba, shi ya sa LMNG da GDN da dijitonin suka yi kasuwa a can. PfCRT ɗin da na ambata ta wannan hanyar aka gan shi, bayan an mayar da shi cikin ɗan faifan kitse da ake kira nanodis.

Kai kiristal ga haske

Ɗauko kiristal da 'yar zarge ƙarƙashin madubi, tsoma shi cikin ruwan kariya daga ƙanƙara, sannan cikin ruwan naitirojin. Ruwan kariyar nan ma dole ya ƙunshi sabulu daidai da na ɗigon, in ba haka ba kiristal zai tsage a gabanka. In ɗigon yana da PEG 400 wajen 30% ko sama, yawanci ba ya buƙatar ƙarin kariya.

Irin waɗannan kiristal ƙanana ne, raunana, sai hasken sinkurotoron, wata babbar na'ura mai fitar da eksire mai ƙarfi sosai. Babu irin wannan na'ura a nahiyar Afirka tukuna, don haka mai aiki daga nan tulun sanyi na musamman zai sa su a ciki ya aika Diamond a Ingila ko ESRF a Giranobul ta Faransa, bayan ya nemi lokaci an ba shi. Kada ka aika guda biyar. Kiristal biyu daga ɗigo ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, saboda haka ka daskarar da gommai, daga sabulu daban-daban, kowanne da lambarsa da adadin sabulun da ka auna. In sakamako ya dawo na DDM ya tsaya a angistirom 8, na DM ya kai 5 (ma'aunin kaifin hoto ne, ƙaramar lamba ta fi kyau), ka san inda za ka nufa: ka koma kan resin, ka sauko mataki ɗaya a tsani, ka sa maganin da ya fi ɗaga juriya a gwajin zafi, ka sake ɗigawa.